Darasi na 9: Gobara da Shirin da Ƙungiya Za Ta Yi Tun Wuta Ba Ta Tashi Ba

Lokaci: awa ɗaya da rabi. Idan lokaci ya ƙure a raba shi zama biyu.

Kayan da za a tanada: bokiti cike da yashi, tukunya da murfinta, tsohon bargo, babbar takarda da abin rubutu.

Manufar darasin

Iyayena da yayyena, a darussan baya mun yi magana a kan zubi, da rance, da yadda ake raba riba a ƙarshen zango. Yau za mu yi magana a kan abin da ke iya cinye duk wannan wahalar tamu kafin a tafasa ruwan shayi, wato gobara. Mace ta yi shekara biyu tana zubi, ta sayi keken ɗinki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta ajiye buhun gero, sai a wayi gari babu abin da ya rage sai toka da kwanon rufi. Ga kuma rancen ƙungiya a wuyanta.

Abin da nake so mu tashi da shi guda ɗaya ne. Mintunan farko na gobara a hannunmu suke, domin babu motar kwana-kwana da za ta iso a cikinsu, komai kusancin ofishinsu. Abin da muka shirya tun kafin ranar shi ne zai yi mana aiki a ranar. Hausawa suna cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. To, mu dai ba mu da gemu, amma muna da jari da 'ya'ya.

1. Yadda wuta take rayuwa

Ku dubi murhu. Duwatsu uku ne ke riƙe da tukunya, idan aka janye ɗaya sai ta kife. Haka wuta take. Tana buƙatar abu uku: abin da za ta ci, kamar itace ko mai ko katifa, sannan iska, sannan zafi. Duk wata dabarar kashe wuta janye ɗaya daga cikin ukun nan ce. Ruwa yana rage zafi. Yashi da murfi da jiƙaƙƙen bargo suna toshe mata iska. Rufe tukunyar gas ko janye zana daga kusa yana hana ta abinci.

Wannan shi ya sa gobara ta fi yawa da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Komai ya bushe, ga iska tana kaɗawa, ga shi kuma sanyi ya sa kowa na neman wuta a kusa da shi. Kasuwanni ma ba su tsira ba. Da yawanmu muna tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna da rumfuna. A watan Fabrairun 2025 kuma wuta ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda ta jihar Zamfara, almajirai 17 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

2. Inda gobara ke fara fitowa a gidajenmu

A zagayen da nake yi na ƙungiyoyi, duk inda na tambayi mata abin da ya tayar da gobarar da suka taɓa gani, amsoshin ba sa wuce waɗannan:

Kaskon gawayi a ɗaki. Ana shiga da shi don jin ɗumi, barci ya kwashe mutum, gefen zane ko gidan sauro ya faɗa ciki. Ko wuta ba ta kama ba akwai wani haɗarin. Gawayi yana fitar da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. A ɗakin da aka rufe ƙofa da taga tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, daga nan mutum ba ya tashi. Hayaƙin janareta ma irin gubar nan gare shi, saboda haka wurinsa waje ne, nesa da taga.

Hitar dafa ruwa da dutsen guga. An jona, aka ɗauke wuta, aka manta ba a cire ba, aka fita unguwa ko aka kwanta. Wuta ta dawo da tsakar dare, ruwan bokitin ya ƙone, robar ta kama. Ku mayar da shi doka a gida: da an ɗauke wuta, a bi a kashe komai a cire daga soket.

Tara kaya a soket ɗaya, da haɗin waya na ganin dama. Idan kika ji soket yana zafi, ko yana warin ƙonewar roba, ko ya yi baƙi, a daina amfani da shi har sai mai gyaran wuta ya duba.

Kalanzir da fetur. Kada a ƙara wa risho ko fitila kalanzir alhali suna ci. A kashe, a bari su huce. A kuma kula da inda ake saye, domin kalanzir ɗin da aka gauraya da fetur fashewa yake yi. Fetur kuwa ba ya buƙatar harshen wuta ya taɓa jarkar. Tururinsa yana da nauyi, yana bin ƙasa har ya kai murhu, wutar ta biyo shi ta dawo. Matan da mazajensu ke sayar da mai a galan, ku roƙe su a nema masa wuri daban, ba ɗakin kwana ko kusa da madafi ba.

Tukunyar gas. A ajiye ta a tsaye inda iska ke shiga. A riƙa duba tiyo da kan tukunyar da ruwan sabulu: idan kumfa ya taso, akwai yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana.

Ƙananan abubuwa: kyandir a kan roba, maganin sauro mai hayaƙi kusa da katifa, kaskon turaren wuta a ƙarƙashin kaya, garwashin da aka zubar a bola da zafinsa, ashana a inda yaro zai iya kaiwa, karan dawa da harawa da aka jibge jikin madafi.

Akwai wani abu da ya fi duk waɗannan tayar mini da hankali, wato kulle yara a ɗaki a tafi biki ko ɗiban ruwa. Na san uzuri ke sa haka. Amma tagoginmu yawanci da ƙarfe suke, ƙofa ɗaya ce mafita. Idan fita ta kama ki, ki kai su wajen maƙwabciya. Ai amfanin ƙungiya ke nan.

3. Mintuna biyar na farko

Idan wuta ta tashi, ga jerin abin yi, kuma a bi shi a haka:

Na ɗaya, ihu. Ki ɗaga murya ki ce "Gobara!" Wasu kan tsaya su yi ta fama su kaɗai don kada a ce sun yi sakaci. Kunya ba ta kashe wuta.

Na biyu, a fitar da mutane: yara, tsofaffi, marasa lafiya, masu jego. A tara su a wuri ɗaya a ƙirga. Wanda ya fita ya fita ke nan, ba a komawa don akwati ko waya.

Na uku, a yanke wutar lantarki daga babban makunni, a rufe gas idan ana iya kaiwa gare shi lafiya.

Na huɗu, mutum ɗaya ya kira 'yan kwana-kwana nan take, ko da kuna ganin za ku iya da ita. Gara su zo su tarar an kashe.

Na biyar, idan wutar ƙarama ce, kuma ƙofa tana bayanki, sai a gwada kashe ta. Idan ta kai silin ko hayaƙi ya cika ɗakin, ta fi ƙarfinku. Ku fita, ku ja ƙofar don rage mata iska, ku koma jiƙa zana da rufin maƙwabta.

Hayaƙi sama yake tashi, kuma sau da yawa shi ke kashe mutum kafin wuta ta taɓa shi. Idan ya cika ɗaki ki durƙusa ki fita da rarrafe, ki toshe hanci da baki da tsumma.

Ba kowace wuta ake zuba wa ruwa ba. Wannan wurin ku saurara da kyau, musamman masu suyar awara da ƙosai da ƙuli-ƙuli.

Idan mai ya kama a kasko, kada ki zuba ruwa. Ruwan yana nutsewa ƙasan man, ya zama tururi nan take, ya watso man da wutarsa a fuskarki da rufin ɗaki. Ki kashe risho ko gas, ki rufe kaskon da murfin ƙarfe ko faranti, ki bar shi a rufe har ya huce. Kada kuma ki ɗauke shi ki ce za ki fita da shi.

Idan wutar lantarki ce, ruwa zai jawo miki ita jikinki. A yanke ta tukuna, a yi amfani da busasshen yashi.

Idan fetur ko kalanzir ne, yashi. Ruwa ɗaukar man yake yi ya yaɗa shi.

Idan kin ji warin gas, kada ki kunna fitila ko ki kashe, kada ki ƙyasta ashana. Ki rufe kan tukunyar, ki buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita.

Idan itace ne, ko zana, ko katifa, ko tufafi, to nan ruwa ke aiki.

Idan hijabi ko zane ya kama a jikin mutum, kada ya gudu, gudu hura wutar yake yi. Ya tsaya, ya kwanta, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta birgima. Na kusa ya lulluɓe shi da bargo. Yawancin hijabanmu na roba-roba ne, narkewa suke yi su manne da fata. Lokacin girki a ɗaure su ko a cire.

Abu na ƙarshe a nan: idan tankar mai ta faɗi, ku janye 'ya'yanku ku yi nesa. A watan Oktoban 2024 a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, tanka ta faɗi, mutane suka taru suna kwasar mai, ta fashe. Fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Ku zauna da samarin gidanku ku faɗa musu wannan da bakinku.

4. Taimakon farko ga wanda ya ƙone

A zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi daidai, a kan ƙunar har tsawon minti 20. Ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Tufafin da ya manne da fata a bar shi, aikin asibiti ne. Kada a fasa bororon. A rufe da tsumma mai tsabta wanda ba ya barin zare. Idan ƙaramin yaro ne, a lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi.

Na san abin da aka saba: man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, baƙin mai, gishiri, toka. Don Allah a daina. Suna riƙe zafin a ciki, suna kawo ƙwayoyin cuta, kuma sai ma'aikacin asibiti ya kankare su kafin ya yi magani, mai ciwo ya sha azaba sau biyu.

A tafi asibiti ba tare da jira ba idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ita girma, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko ta lantarki ce, ko jariri ne ko tsoho, ko mutum ya shaƙi hayaƙi yana tari muryarsa ta dishe.

5. Wace ƙofa za mu ƙwanƙwasa?

Sau da yawa mukan ce "gwamnati ba ta yi mana komai ba", amma idan aka tambaye mu wane ofishi muka je, sai a yi shiru. Bari mu rarrabe.

Lambar 112 ita ce lambar kiran gaggawa ta ƙasa, kyauta ce, ko babu kati a waya. Amma ba ko'ina take shiga da sauri ba, don haka kowace ƙungiya ta nemo lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da ita, a rubuta a bangon littafin kowace mamba.

Hukumar kashe gobara: kowace jiha tana da tata, akwai kuma ta tarayya. Banda kashe wuta, su ake kira idan mutum ya faɗa rijiya ko kududdufi, ko gini ya rufta. Suna kuma fita wayar da kai idan an gayyace su. Idan kin kira, ki faɗi sunan unguwa, da wata alama da kowa ya sani kamar masallacin Juma'a ko makarantar firamare, da abin da ke ci, da ko akwai mutum a ciki. A tura yaro mai wayo bakin titi ya tare su. Idan sun makara, a hana matasa jifarsu. Motar da aka fasa wa gilashi yau ita za a nema gobe.

Hukumar ba da agajin gaggawa: ta ƙasa ita ce NEMA, wadda aka kafa a 1999, ta jiha kuma SEMA. Su ke kawo tallafi bayan gobara ko ambaliya. A tsari, kowace ƙaramar hukuma ya kamata ta kasance da kwamitinta na agajin gaggawa, kuma ta nan rahoto ke bi ya hau sama. Ku tambayi kansilanku ko na ƙaramar hukumarku yana aiki, kuma wa ke riƙe da shi.

Ƙaramar hukuma: muna da 774 a Nijeriya, kuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da mu. Motar kashe gobara galibi ta jiha ce, amma tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota, da kwashe shara, da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa na cikin gari, da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Tana kuma da hannu a asibitocin matakin farko. Ku duba da kyau, duk waɗannan sun shafi gobara. Bolar da ba a kwashe ba ita ake cinna wa wuta. Lungun da aka toshe da rumfa shi ke hana mota shiga. Layin da ba shi da suna shi ke sa 'yan kwana-kwana yawo suna tambaya.

Mai unguwa da dagaci: su ne shaidar farko. Idan gobara ta auku, a sanar da mai unguwa a ranar, a ɗauki hoto, a rubuta abin da aka rasa da kimar kuɗinsa, a kai wa kansila da sakatariyar ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi. Tallafi yakan yi jinkiri, wani lokaci ma ba ya zuwa. Amma wanda sunansa bai shiga takarda ba, ko ya zo ba zai same shi ba.

Mace ɗaya idan ta je sakatariya, za a iya ce mata ta dawo gobe. Mata 25 da wasiƙa mai sa hannun shugaba da sakatariya da hatimin mai unguwa, ba a sallamarsu da sauƙi haka. Na ga wata ƙungiya da ta yi watanni tana bibiyar a kwashe wata bola da ke jikin gidajensu, duk sati biyu mata uku su shirya su je, har aka turo mota. Ku nemi abu ɗaya a lokaci ɗaya, ku rubuta ranar da kuka kai, da sunan ofishin da ya karɓa.

6. Akwatinmu da asusun taimako

Wannan tsari namu na akwati mai makulli uku a Jamhuriyar Nijar ya samo asali a 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Makullan nan uku suna tsare kuɗi daga hannun mutum, amma ba sa tsare su daga wuta. Akwatin ƙarfe idan ya yi zafi, takardun kuɗi da littafin da ke ciki ƙonewa suke yi. Saboda haka:

Kada ma'aji ta ajiye akwati a madafi, ko ɗakin da ake ajiye mai. Idan kuɗi sun taru, musamman dab da rabo, a kai banki da sa hannun mutum uku. Bayan kowane zama a ɗauki hoton shafin lissafi da wayoyi biyu na gidaje daban-daban, don kada bashi da zubi su zama abin gardama idan littafi ya salwanta.

Kowace mamba kuma ta haɗa muhimman takardunta a jaka ɗaya kusa da ƙofa: takardar gida ko fili, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun haihuwa, katin rigakafin yara, takardun makaranta, da littafinta na ƙungiya.

Sai asusun taimako. Mu yi lissafi: mata 25, kowace tana ba da naira 100 a mako, an sami 2,500. A mako 52 ya zama 130,000. Ba zai gina ɗaki ba, amma zai kai mai ƙuna asibiti a daren, ya sayi tabarma da bargo da abinci, ya tayar da ɗan jari. Shawarata ita ce ku zauna yanzu, hankali kwance, ku rubuta a dokokin ƙungiya: nawa za a ba wadda gobara ta shafa, kyauta ne ko rance marar riba, wata nawa za a ɗaga mata biyan bashi, kuma su wa za su je su duba. Idan aka bari sai abin ya faru, son kai da jin nauyi ke shiga, zumunci ya lalace.

Wata za ta ce, "Malama, ai gobara ƙaddara ce." Haka ne, babu mai tsere wa abin da Allah ya rubuta. Amma da dare duk muna kulle ƙofa, kuma ba mu ce mun ƙi ƙaddara ba.

7. Aikin da za a yi a zaman yau

A fita tsakar gida. Ba za a kunna wuta ba. Mata uku su gwada rufe tukunya da murfi, suna turo shi daga gefe, fuska a kauce. Biyu su gwada kwanciya da birgima, wasu su lulluɓe su da bargo. Za a yi dariya, ba laifi, jiki ne ke koyo. Sannan ɗaya ta riƙe waya ta yi kamar tana kiran 'yan kwana-kwana, sauran su faɗa mata ko kwatancenta zai kawo baƙo ƙofar gidanta.

A babbar takarda a zana unguwa: inda rijiya da famfo suke, lungun da mota za ta iya shiga, gidajen da ke da tsoho ko mai lalura, da filin da za a taru. Daga nan a zaɓi mata huɗu: mai kiran waya, mai tara yara ta ƙirga su, mai taimakon farko, da mai zuwa wajen mai unguwa da kansila. Kowace a ba ta mataimakiya.

Tambayoyin tattaunawa

1. Idan wuta ta tare ƙofar ɗakinki cikin dare, ta ina za ku fita? A ina makulli yake kwana?
2. Wane abu ɗaya ne a cikin sana'arki zai iya tayar da gobara?
3. Yaya za ki yi wa maigida maganar jarkar fetur ko haɗin waya ba tare da rigima ba?
4. Wane abu ɗaya za mu fara nema a wurin ƙaramar hukuma?

Aikin gida

Kafin zama mai zuwa, kowace mamba ta ajiye bokitin yashi kusa da inda take girki, ta haɗa jakar takardunta, ta koya wa yaranta lambar 112 da inda za a taru. Kowane dare kafin a kwanta a duba abu huɗu: murhu a kashe, gas a rufe, soket a cire, makulli a inda kowa ya sani. Sakatariya ta zo mana da lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da daftarin wasiƙar da za mu kai sakatariyar ƙaramar hukuma. Da su za mu buɗe zama, kafin a buɗe akwati.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu.